Wasiƙa: A Daidaita Fitilar Renon Iri da Ranar Ƙasarmu Kafin a Kai Dashe Lambu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya fara yaɗuwa tsakanin matasa masu noman lambu a nan Marwa ta arewacin Kamaru da kewayenta, wato renon irin tumatir da tattasai da attarugu da albasa a cikin ɗaki ƙarƙashin fitilar lantarki, kafin a fitar da shi a dasa a fangali. Ni ma ina cikin masu yin hakan, shekara huɗu ke nan, ina da ɗan lambu a gefen kogin Mayo Tsanaga, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne asarar da nake gani tana faɗa wa mutane a daidai ranar da suke tsammanin wahalarsu ta ƙare, ranar da suka fitar da irin zuwa waje.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai kai mutum ga fitila a ƙasar da Allah ya wadata ta da rana? Tambayar tana kan hanya, kuma ni da kaina ina ganin yawancin manoma ba su da bukatarta, rumfa mai kyau da gidan sauro da aka lulluɓe gadon iri da shi sun ishe su. Amma wanda ya sayi irin zamani mai tsada, wanda ake ƙirga ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da ruwan Agusta da Satumba yake yi wa gadon iri idan ya sauko da ƙarfi, ya san ruɓewar gindi da danshi ke kawowa, ya san farin ƙuda da ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye ya sa wa tumatir tun yana ɗan tsiro, balle kaji da ƙadangaru da awaki. Irin wannan manomi yakan ga gara ya rene irinsa a ɗaki na tsawon mako huɗu ko biyar domin ya riga kowa dasawa da zarar damina ta ja baya. Fitilun LED da ke shigowa kasuwanninmu yanzu ba su cin wuta da yawa, allon sola ɗaya da batir suna iya riƙe su, shi ya sa abin ya zama mai yiwuwa har ga mai ƙaramin ƙarfi.

Inda matsalar take shi ne lissafin awannin da ake barin fitilar a kunne. Kusan duk wanda na tambaya sai ya ce mini awa 16, ya kuma nuna mini wayarsa inda ya karanta ko ya kalli hakan. Shawarar daidai take a inda aka rubuta ta. Manomin Faransa da ke renon iri a ɗaki saboda sanyi zai fitar da shi a watan Mayu, lokacin da yini a birnin Paris ya kai wajen awa 15, kuma yana ci gaba da tsawo har ya ɗan haura awa 16 a ranar 21 ga Yuni. Irinsa ya bar awa 16 na fitila ya shiga awa 15 na rana, ba wani babban sauyi. Mu kuwa a Marwa, da muke wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, yininmu mafi tsawo a watan Yuni bai wuce awa 12 da minti 45 ba, mafi gajarta a Disamba kuma wajen awa 11 da rabi ne. A Njamena da Kusiri tazarar ta ɗan fi haka da 'yan mintoci, a Garwa da Ngaundare ta ɗan gaza. Ke nan wanda ya rene iri da awa 16 ya fitar da shi a watan Oktoba ya zaftare masa awa huɗu cur a dare ɗaya, abin da ba ya faruwa da wata shuka a ƙasar nan tun da aka fara noma a cikinta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shuka tana auna tsawon yini, kuma da shi take sanin lokacin da ya kamata ta daina ganye ta koma fure ko ta fara kai. A shekarar 1920 ne wasu masu bincike biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana wannan, bayan sun lura da wani nau'in taba mai suna Maryland Mammoth da ke ta tsawo duk lokacin dogon yini ba ya fure, sai yini ya gajarta. Da suka riƙa shigar da shi ɗaki mai duhu tun da sauran rana, sai ya yi fure a lokacin da bai saba ba. Daga baya, a 1938, Hamner da Bonner suka nuna cewa ainihin abin da shukar ke aunawa shi ne tsawon duhun dare, domin ɗan haske kaɗan a tsakar dare yana iya hana shuka mai son gajeren yini yin fure gaba ɗaya. Manomanmu sun daɗe da sanin amfanin wannan ko da ba su ba shi suna ba. Kowa ya san dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, takan fitar da kai kusan lokaci ɗaya a ƙarshen damina, kuma haka waken gida da yakuwa suke jira sai yini ya fara ja baya.

Albasa ce ta fara koya mini wannan darasi. A shekarata ta biyu na zuba irin albasa a faranti huɗu na ajiye su tare da tumatir a ƙarƙashin fitila ɗaya, awa 16 kullum. Da farko na ji daɗin ganinsu, kore shar, sun miƙe tsaye. Amma kafin su kai lokacin dashe sai na ga gindinsu ya fara kumbura, kowace ta yi ɗan kai kamar ƙwayar gurjiya, alhali ganye uku ko huɗu ne kawai a kanta kuma wuyanta bai kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Na ɗauki ƙulli ɗaya na kai wa wani dattijo a Meskin, kusa da Marwa, wanda ya tsufa a noman albasa. Ya karɓa, ya murza kan da yatsunsa, ya duba wuyan, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ta tsufa tun tana goye. Me ka yi mata?" Na ce, "Baba, fitila nake kunna mata har bayan isha'i." Sai ya ce, "To ka sa ta zaci lokacin haƙa ya kusa." Maganarsa ita ce gaskiyar al'amarin. Albasar da muke nomawa a nan, irin su Gudami da 'yar Galmi da ta samo asali daga Nijar, takan fara kai ne idan yini ya kai wajen awa 11 zuwa 12, yayin da albasar Turai ke jiran awa 14 zuwa 16. Idan aka ba tamu awa 16 tun tana ƙarama, sai ta yi gaggawar yin kai kafin ta tara ganyen da zai ciyar da shi, kuma girman albasa yana tafiya ne da yawan ganyen da ta yi kafin ta fara kai. Na dasa su duk da haka, suka daɗe a tsaye ba ci gaba, abin da na haƙa kuwa bai kai rabin abin da maƙwabcina ya samu daga gadon iri na ƙasa ba. Tun daga nan ban ƙara barin fitilar albasa ta wuce tsawon yinin da ke waje ba, daga ranar tsiro har ranar dashe, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan.

Alayyafo da yakuwa da wasu nau'o'in kuɓewa na gida tasu matsalar daban ce. Su dogon haske yana riƙe su a ganye, amma da zarar an fitar da su cikin gajeren yinin Nuwamba ko Disamba sai su yi fure ba tare da ɓata lokaci ba, ko da tsayinsu bai wuce taƙi ɗaya ba. A nan ina so in faɗi abin da wasu ke kuskurewa: rage awannin fitila sannu a hankali ba zai hana wannan furen ba, domin yinin da ke waje ne zai yi hukunci a ƙarshe. Mai son ganye ko mai son zoborodo mai yawa sai dai ya bar shukar a dogon haske har ta yi jiki kafin ya fitar, ko ya jira lokacin da yini ke ƙaruwa, daga Afrilu zuwa Yuni. Haka kuma ya kula da inda zai dasa, domin fitilar sola ta titi ko ta tsaron gida da ke haska fangali duk dare tana iya jinkirta furen yakuwa da wake, abin da mutum zai ta zargin iri ko taki a kansa.

Tumatir da tattasai da attarugu su ne aka fi renonsu a ɗaki, kuma su tsawon yini ba ya hana su fure ko ya gaggauta shi sosai. Duk da haka ina ganin wajibi ne a gyara musu lokacin fitila kafin a fitar, saboda shuka tana da agogo a jikinta wanda yake tafiya da hasken da ta saba da shi, kuma da wannan agogon take buɗe ƙananan ƙofofin numfashi da ke jikin ganyenta da safe, ta rufe su da dare. Da yawa daga cikinmu da dare muke kunna fitila, wani saboda ɗaki ya fi sanyi a lokacin, wani saboda da dare ne ya fi samun wuta. Irin da aka rene a haka, tsakar rana ita ce darensa. Idan aka ɗauke shi kai tsaye aka sa a fangali, sai ya tarar da rana mafi zafi a lokacin da jikinsa ya shirya hutu, ga sabon wuri, ga jijiyoyin da suka ji rauni wajen cirewa. Agogon nan yana iya komawa daidai, amma yana ɗaukar kwanaki, kuma gara ya yi waɗannan kwanaki a ɗaki inda babu abin da ke takura masa. Mai kunna fitila da dare ya riƙa matso da lokacin da awa ɗaya ko biyu kullum har kunnawa ta dawo daidai da fitowar rana. Wanda kuma yake barin fitila dare da rana ba kashewa, yana zaton ƙarin alheri yake yi, ya sani cewa tumatir ba ya jure haske marar yankewa, ganyensa yakan yi rawaya-rawaya da tabo, domin yana bukatar duhu kamar yadda yake bukatar haske.

Yadda nake yi yanzu shi ne, idan ya rage kwana goma sha biyu zuwa sha huɗu in dasa, sai in tsayar da lokacin kunnawa a wajen ƙarfe shida na safe, wato idan na dawo daga sallar asuba gari ya waye, sannan in fara rage rabin awa kullum daga ɓangaren dare. Fitilar da ake kashewa ƙarfe goma na dare, cikin kwana takwas sai ta dawo ana kashe ta ƙarfe shida na yamma, kusan lokacin kiran sallar magariba. Mai ɗan agogon nan da ake maƙalawa a soket yana kunnawa yana kashewa da kansa ya huta, wanda ba shi da shi kuwa kiran salla ya ishe shi ma'auni, tun da lokutan asuba da magariba da rana suke tafiya, suna matsawa da kansu yadda yini ke ƙaruwa ko raguwa. Idan an kashe kuma a bar ɗakin da duhu na gaske. Ɗakin da ake kallon talabijin a cikinsa har tsakar dare, ko ake shiga ana kunna ƙwai a kai a kai, bai dace da wannan aiki ba.

Sai dai awanni rabin magana ne. Sauran rabin, wanda ya fi saurin kashe iri, shi ne ƙarfin hasken. Fitilar reno, duk yadda take kashe ido a ɗaki, hasken da take sauke wa ganye yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ranar tsaka ba, wadda a ma'aunin ƙarfin haske takan kai wajen laks dubu 100 a ranar da babu gajimare, kuma mai wayar zamani yana iya gwada wannan da kansa da manhajar auna haske. Ban da haka, a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, mai ƙuna, wanda yawancin fitilun LED ba su fitar da shi. Ganyen da ya girma a ɗaki yakan zama mai faɗi, siriri, mai laushi, bai yi kaurin fata da ɗan maiƙon da ke kare ganyen waje daga ƙuna da bushewa ba. Na ga sakamakon haka da idona a shekarata ta farko, lokacin da na fitar da tumatir ɗari biyu da hantsi a wata rana ta Oktoba, na dasa, na ba su ruwa sosai, na tafi gida da farin ciki. Da na dawo da la'asar sai na tarar ganyayen sama sun yi fari fat kamar takarda, idan ka taɓa sai su karye, ƙasa kuwa jiƙe take sharkaf. Ruwa bai yi musu komai ba, domin ƙuna ce ta same su. Waɗanda suka rayu sai da suka yi mako biyu kafin su fitar da sabon toho, wato duk gaggawar da na yi don in riga kasuwa ta tafi a banza.

Saboda haka a kwanakin da nake rage fitila, a cikinsu nake gabatar da irin ga rana. Kwana biyun farko a inuwar darbejiya yake zama na awa biyu ko uku, inda haske ke ratsowa ta tsakanin ganye kuma iska na kaɗa shi. Daga nan sai ranar safe ta awa ɗaya, in mayar da shi inuwa kafin ƙarfe tara, kashegari in ƙara awa ɗaya, in haɗa da ranar bayan la'asar. Ranar tsaka ita ce ta ƙarshe, ita ma a ƙarƙashin rumfar zana marar kauri nake fara ba shi ita, sai a kwana biyu ko ukun ƙarshe ya yini a fili, ya kuma kwana a waje. Awannin da ya yi a waje a cikin lissafin yininsa suke, ba a ƙara su a kan na fitila, kuma kada mutum ya ji tsoron cewa rage fitila zai sa irin ya rasa abinci, domin awa ɗaya ta rana ta fi awanni da yawa na fitila, kuma jimillar hasken da shuka ke samu a yini guda a waje ya ninka na awa 16 na ɗaki sau uku ko fiye. A wannan lokaci ina rage ban ruwa kaɗan, ba har ya yi yaushi ba, ina kuma dakatar da takin zamani mai sa ganye, domin ina son kara ya yi ƙwari. Kafin a fara fitarwa ma, fanka da ke kaɗa irin a hankali na 'yan awanni kullum tana sa karansa ya yi gajere da kauri. Alamar da nake jira ita ce in ga ganye ya ƙara duhu, ya yi kauri a hannu, kara kuma ya tsaya da kansa ko iska ta kaɗa.

Lokacin shekara ma yana sauya lissafin. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana rage kaifin rana, amma iskar busasshiya ce ƙwarai, tana iya shanye ruwan ɗan kofin iri cikin 'yan awanni, sanyin dare kuma yakan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, abin da ke tsayar da girman tattasai da attarugu idan ba su saba ba. A bazara kuwa, watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Marwa da Garwa da Njamena, ni ba na dasa irin ɗaki ba tare da rumfa a kan fangalin ba, ko da ya cika kwanakin sabonsa. Dashen kansa da yamma lis nake yi, bayan la'asar sakaliya, domin irin ya samu dare guda na sanyi kafin ya haɗu da rana.

Babu wani baƙon abu a cikin wannan ga mutanen yankinmu. Mu ne masu masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari, 'yan uwanmu na Chadi kuma suke kira berbere, dawar da ake renonta a gadon iri a ƙarshen damina sannan a dasa ta a ƙasar karal, wato ƙasa mai laka, inda za ta rayu da danshin da laka ta riƙe ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dashenta ya ga yadda ake datse bakin ganyen kafin a sa a rami, a huda ƙasa da icce mai tsini, a zuba ɗan ruwa, duk domin a rage wa irin wahalar sauyin wuri. Iyayenmu sun gane cewa ranar dashe ita ce mafi haɗari a rayuwar shuka, alhali nasu irin a ƙarƙashin rana ɗaya ya tashi da gonar da za a kai shi. Namu na ɗaki har ranar ma sabuwa ce a wurinsa, don haka ya fi bukatar lallashi.

Ina roƙon masana na cibiyar binciken aikin gona ta IRAD da ke nan Marwa, da malaman Jami'ar Marwa, da takwarorinsu na ITRAD a Chadi, su fitar da ɗan jadawali mai sauƙi da zai nuna tsawon yini na kowane wata a Marwa da Garwa da Ngaundare da Kusiri da Njamena, tare da awannin fitilar da suka dace da albasa da tumatir da ganyayen miya, a rubuta shi da Hausa da Fulatanci, a kuma karanta shi a gidajen rediyo kafin watan Agusta, lokacin da ake fara zuba iri. Masu sayar da fitilun su ma ya kamata su riƙa tambayar mai saye abin da zai rena kafin su ce masa awa 16. Idan wannan jarida za ta buga irin wannan jadawali a shafinta na noma, ni da abokan sana'ata na gefen Mayo Tsanaga a shirye muke mu rubuta ranakun zuba iri da na dashe da awannin da muka yi amfani da su a bana, mu aiko muku domin masana su duba su gyara mana.

Wassalam.

Naku,
Wani mai noman lambu,
Marwa, Jihar Arewa Mai Nisa, Kamaru.